Amsa ga ɗana da ya tambaye ni me tsoho ke nema a layin zaɓe

Ɗana, assalamu alaikum.

A taron matasa na Aboabo ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: wanda ya haura saba'in, me ya rage masa a layin zaɓe, tunda 'yan siyasa ba su sauya hali ba? Lokacin sallah ya katse mu, shi ya sa na rubuto.

Kai ka taso ka tarar da akwatin zaɓe. Ni kuwa ina saurayi a 1969 gwamnatin Busia, firayim ministan Ghana na lokacin, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Da idona na ga maƙwabtanmu, wasunsu a nan Kumasi aka binne cibiyarsu, suna karyar da keken ɗinki da tukwane, suna hawa manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar, ƙasashen da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba. Babu wanda ya tambayi Zongo ra'ayinta. Tun daga ranar na ɗauki sunana a rajistar zaɓe a matsayin shaida cewa ni ɗan ƙasa ne, kuma ba zan bar shaidar nan ta kwana a aljihu ba.

Mun zaɓi Limann a 1979, soja suka ture shi a ƙarshen 1981, ba mu sake zaɓen shugaban ƙasa ba sai 1992.

Ka ce ƙuri'a ɗaya ba ta komai. A zaɓen 2008 tazarar da ke tsakanin Atta Mills da Akufo-Addo ba ta wuce ƙuri'a 40,000 da 'yan kai ba, sai da ƙasa duka ta zauna jiran sakamakon mazaɓa ɗaya, wato Tain.

Batun tsufa kuma, wallahi yanzu ne gwamnati ta fi shiga rayuwata. Na san zamanin da asibiti ba ya taɓa majinyaci sai an ajiye kuɗi, kuma na san mutanen da suka rasu a gida saboda haka. Dokar inshorar lafiya ta 2003 ta ɗauke wa mai shekara 70 biyan kuɗin shekara, kuma waɗanda muka zaɓa ne suka yi ta a majalisa. Yau idan an ce maganin hawan jinina babu, in je in saya, ina da bakin tuhumar ɗan majalisa, domin ya san ina fita.

Gaskiyarka, an sha yi mana alkawarin kwalbati, ruwa kuma yana shiga ɗakuna har gobe. Abin yana ci min rai. Amma unguwar da ba ta fita zaɓe ko alkawarin ba a kawo mata.

Ga roƙona. Ma'aikatan zaɓe suna gabatar da tsofaffi a layi, matsalar ita ce isa rumfar. Idan Allah ya kai mu zaɓen 2028, ka kawo babur ɗinka, akwai iyayenka mata a layinmu da ciwon gwiwa ya zaunar.

Naka,
Wani dattijo daga Aboabo, Kumasi