Josh Gibson: Gwanin Da Jaridu Suka Ƙwato Wa Haƙƙinsa Bayan Shekara 77

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani wasa da ba a yin sa a ƙasar Hausa, da kuma wani mutum da ya rasu tun ba a haifi yawancin masu karatunka ba. Na san wani zai ce ina ruwan Bazazzagi da wasan besbol na Amurkawa, alhali ko filinsa bai taɓa gani ba. A yi mini haƙuri, domin kafin in ajiye alƙalami zancen zai dawo gida, har ma zai shigo ofishinka.

Na shafe shekarun aikina ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantun sakandare, kuma har yanzu da na yi ritaya ban daina bin labaran wasanni ba. A watan Mayun 2024 ne hukumar manyan gasannin besbol ta Amurka ta sanar da cewa ta shigar da alƙaluman 'yan wasa baƙar fata na zamanin wariyar launin fata cikin kundin tarihinta, kuma da aka sake lissafi sai ga shi wani mutum mai suna Josh Gibson ya ɗare kan gaba a matsayin wanda ya fi kowa iya bugun ƙwallo a tarihin wasan. Wannan mutum ya rasu tun 1947, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a taɓa barinsa ya buga ko wasa ɗaya a cikin gasar da yau ake cewa shi ne zakaranta ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum ɗaya yana jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri da iya ƙarfinsa, wani kuma yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin dukanta, idan ya same ta sai ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin abokan hamayya su tsinto ta. Idan ya maka ta ta tsallake katangar fili baki ɗaya, to zai zagaye tashoshin a natse ba mai tare shi, kuma wannan bugun shi ne abin da ke tayar da 'yan kallo tsaye. Wasan yana da wuya ƙwarai, har ta kai wanda ya yi nasarar bugu uku cikin kowane goma ana kiransa gwani. Gibson, bisa lissafin da aka fitar, ya yi nasara sau 372 cikin kowane 1,000 a tsawon rayuwarsa ta wasa, ya zarce Ty Cobb, Baturen da ya riƙe wannan kambu shekara da shekaru da 367. A kakar 1943 kuwa adadin nasa ya kai 466, abin da babu wanda ya taɓa kai wa a kaka guda. Duk wannan yana yin sa ne alhali shi ne mai tsugunawa bayan mai duka yana cafke ƙwallon da aka jefo, matsayin da ya fi kowane cin gwiwa da yatsun hannu.

An haife shi ranar 21 ga Disamba, 1911, a wani ƙaramin gari mai suna Buena Vista a jihar Jojiya, a kudancin Amurka, inda dokokin wariya suka raba baƙi da farare a makaranta da asibiti da jirgin ƙasa, har da wurin shan ruwa. Mahaifinsa ya bi sahun ɗimbin baƙar fata da suka yi ƙaura zuwa arewa neman aiki, ya sami aiki a masana'antar ƙarfe a birnin Pittsburgh, daga baya iyali suka biyo shi. A can Josh ya tashi, karatunsa bai yi nisa ba, kuma a 1930, yana da shekara 18, ya shiga ƙungiyar Homestead Grays. A cikin wannan shekarar ce matarsa Helen ta rasu wajen haihuwar tagwaye, dangin matar suka ɗauki renon jariran, shi kuma ya shige motar ƙungiya ya kama yawo gari gari.

Abin lura shi ne babu wata doka a rubuce da ta hana baƙar fata shiga manyan gasannin besbol. A 1884 ma wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya buga wa ƙungiyar garin Toledo a babbar gasa. Daga baya ne masu ƙungiyoyi suka haɗa baki a tsakaninsu suka rufe ƙofa, ba tare da sun sa hannu a wata takarda ba, kuma irin wannan shingen ya fi wuyar karyawa, saboda duk wanda ka tuhuma sai ya ce ka nuna masa inda aka rubuta. Mu nan Zariya ba baƙin wannan ɗabi'a ba ne gaba ɗaya, ko da yake abin da muka gani bai kama ƙafar na Amurka ba: iyayenmu sun ga yadda Turawan mulki suka keɓe wa kansu unguwa can nesa da birni, suka ware Sabon Gari ga mutanen kudu, Tudun Wada kuma ga baƙi 'yan arewa, kowa ya san iyakarsa.

Da aka rufe musu ƙofa, baƙar fatan ba su zauna suna jiran a tausaya musu ba. A 1920 Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyi a Kansas City suka kafa gasarsu ta kansu, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan harkokin kasuwanci na baƙar fata a ƙasar. Masu masauki da masu abinci da direbobi da masu buga tikiti duk sun ci abinci a gindinta. Daga 1933 suka fara wasan zaratan 'yan wasa na shekara shekara a Chicago, wanda jama'a ke zaɓen waɗanda za su buga ta hanyar cike ƙuri'ar da ake bugawa a jaridun baƙar fata, kuma a 1943 'yan kallo sun haura 50,000. Gibson ya buga wa Pittsburgh Crawfords daga 1932 zuwa 1936, tare da shahararren mai jifa Satchel Paige, sannan ya koma Grays, wadda ta mamaye gasarta daga 1937 zuwa 1945. Ya kuma je cin rani Kyuba da Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika, ya yi 1940 da 1941 a Meziko, inda ake biyansa da kyau kuma yake shiga masauki ta ƙofar gaba kamar kowa.

Wani abu da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne ƙungiyar Grays takan yi hayar filin Griffith da ke Washington idan ƙungiyar Turawan garin ta yi tafiya. Ke nan mai filin yana zaune yana kallon Gibson yana maka ƙwallo tana tsallake katangar da 'yan wasansa ke shan wuyar kai wa, yana karɓar kuɗin haya, amma bai ɗauke shi ba, ko da yake ƙungiyar tasa ta daɗe tana jan ƙafa a gasa. Jama'a sukan kira Gibson da Babe Ruth na baƙar fata, wato suna kwatanta shi da Baturen da ya fi kowa suna wajen bugun katanga a lokacin, wasu magoya bayansa kuwa sukan mayar da martani cewa ai Ruth ne Josh Gibson na Turawa.

A 1943 likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, ya ƙi yarda a yi masa tiyata, ya ci gaba da wasa cikin ciwon kai mai tsanani. Saboda haka lokacin da Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Turawa ta Brooklyn Dodgers, ya yanke shawarar karya shingen a 1945, bai waiwayi Gibson ba. Ya zaɓi Jackie Robinson, matashi ɗan shekara 26, wanda ya yi karatu a jami'a, ya riƙe muƙamin hafsa a soja, kuma ya yi alkawarin zai haɗiye zagi da tsangwama ba tare da ramawa ba. Ba na rage wa Robinson komai, domin abin da ya jure ba kowane namiji zai jure ba, kuma shi ma ba lusari ba ne: a 1944 an gurfanar da shi gaban kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a motar sojoji a Texas, kotun ta wanke shi. Amma 'yan wasan zamanin da dama sun faɗa cewa ba shi ne ya fi kowa iya wasa a cikinsu ba. Gibson ya rasu sakamakon shanyewar jiki ranar 20 ga Janairu, 1947, yana da shekara 35. Robinson ya fita fili da rigar Dodgers ranar 15 ga Afrilu na wannan shekarar, wato bai cika wata uku da rasuwar Gibson ba. Kabarin Gibson ya zauna ba ko alamar suna har 1975.

Akwai ɓangaren labarin da masu murnar buɗe ƙofa ba su cika faɗa ba. Rickey bai biya Kansas City Monarchs, ƙungiyar baƙar fata da Robinson ke buga wa, ko sisi ba a kansa. Effa Manley, matar da ke tafiyar da ƙungiyar Newark Eagles, ita ce ta tsaya kai da fata cewa sai an biya, kuma an biya ta lokacin da ƙungiyar Turawa ta Cleveland ta ɗauki ɗan wasanta Larry Doby a watan Yulin 1947. Duk da haka 'yan kallo baƙar fata suka bi gwanayensu zuwa filayen Turawa, gasar da Gibson ya buga ta rushe bayan kakar 1948, kuma masu ƙungiyoyi da masu horarwa da alƙalan wasa baƙar fata babu wanda ya gayyace su shiga sabon gidan. An ɗebe nonon an bar saniyar. Robinson kansa ya ga wannan giɓi, shi ya sa kwana tara kafin rasuwarsa a watan Oktoban 1972 ya faɗa a bainar jama'a cewa zai fi farin ciki ranar da ya ga baƙar fata yana jagorantar ƙungiya, abin da bai tabbata ba sai 1975. Wannan ne ya sa nake ganin girman abin da Masai Ujiri, wanda ya tashi a nan Zariya, ya yi lokacin da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors ta ɗauki kofi a 2019 yana shugabanta.

Yanzu ga inda zancen ya shafe ka, Malam Edita. Shekaru da dama sunan Gibson yana yawo ne a bakin mutane kawai. Allon da aka kafa masa a zauren karrama gwanayen besbol a 1972 ya ce ya tsallakar da ƙwallo katanga kusan sau 800, amma wannan adadi ya haɗa har da wasannin yawon gari gari da ba a ajiye lissafinsu ba, don haka masu ƙin gaskiya suka sami abin fakewa suna cewa tatsuniya ce. Abin da ya kashe bakinsu shi ne tsofaffin jaridu. Jaridun baƙar fata irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender sun riƙa buga sakamakon wasa dalla dalla, wane ya buga, sau nawa, a wane fili, wace rana. Masu bincike suka shafe shekaru suna tone waɗannan shafuka ɗaya bayan ɗaya, kuma da abin da suka tattara ne hukumar ta amince a watan Disamban 2020 cewa gasanni bakwai na baƙar fata, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne. Adadin bugun katangar da aka tabbatar wa Gibson a wasannin gasa bai kai 200 ba, ya yi ƙasa ƙwarai da na baka, saboda kakarsu gajeriya ce kuma wasu wasannin sun ɓace, amma wannan ɗan abin da aka rubuta shi ne ya ɗora shi kan Ty Cobb. Haka kuma wakilin Courier, Wendell Smith, shi ne ya daɗe yana matsa wa masu ƙungiyoyi lamba a rubuce, kuma shi ya ba Rickey shawarar ya duba Robinson.

To mu fa? Wane ne zai iya faɗa mini, da shaida a hannu, dambe nawa Shago ya yi, nawa ya yi kisa, nawa aka tashi babu kisa? Yawancinmu ta bakin makaɗa muka san shi, kuma makaɗi, Allah ya saka masa, aikinsa zuga ne, ba lissafi ba. Na halarci dambe da kokawa ba adadi a lokacin kaka, na ga yaran da suka buge manya a turmin farko, yau ko sunansu ba na iya kawowa daidai, balle wanda bai gani ba. Ni ma ina da nawa laifin, domin na horar da yara masu gudu da tsalle shekara da shekaru, littafin da nake rubuta sakamakonsu kuwa na bar shi a ofis ranar da na yi ritaya, da na koma nema aka ce gara ta cinye. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wannan abin kunya ne a gare mu duka.

Roƙona gare ka shi ne ka ware ɗan gurbi a shafin wasanni, ko da rabin shafi ne a mako, inda za a riƙa buga sakamakon damben gargajiya da kokawa da langa da wasannin makarantu yadda ake buga na gasar Ingila: sunan ɗan wasa da garinsu, ɓangaren da yake, Kudu ko Arewa ko Jamus ko Guramada, abokin karawarsa, turmi nawa aka yi, wa ya yi kisa, a wane fili, da kwanan wata. Hotunan bidiyo da ake yaɗawa a waya ba za su maye gurbin wannan ba, tunda yawancinsu ba rana ba wuri, kuma wayar na lalacewa sun tafi. Idan rashin wakili ne matsalar, ni na ɗauki nauyin na Zariya da kewaye, zan riƙa aiko maka duk ranar Litinin ba tare da ko kwabo ba, muddin Allah ya ba ni lafiyar zuwa fili.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin wasanni,
Tudun Wada, Zariya.