Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan 'Yan Gaban Super Eagles a Hannun Eric Chelle

Assalamu alaikum, ɗan'uwana,

A shirin wasanni na rediyo da aka yi bayan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da mu daga neman gurbin gasar kofin duniya a Rabat ranar 16 ga Nuwamba, 2025, ka bugo waya ka ambaci sunana, ka ce in faɗa wa jama'a yadda ƙasar da ke da Victor Osimhen da Ademola Lookman take neman ƙwallo kamar ruwa a jallo, sannan ka tambaya ko ba koci Eric Chelle da mataimakansa ne suka kashe mana gaba ba, kuma ko bai kamata a sallame su kafin gasar Afirka ta 2025 ba. Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na ga ya dace in ba ka amsa a rubuce.

Damuwarka tana bisa hanya, amma lissafin bai goyi bayan cewa Chelle ne ya kawo farin ƙwallo ba. Kafin a ɗauke shi a watan Janairun 2025, mun buga wasanni 4 na neman gurbin gasar kofin duniya, biyu a hannun José Peseiro, biyu a hannun Finidi George. Mun yi kunnen doki 1-1 da Lesoto a Uyo, da Zimbabuwe, da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke mu 2-1 a Abidjan. Ƙwallo 4 ke nan a wasa 4, da maki 3 kacal, kuma Osimhen bai buga ko ɗaya daga cikinsu ba. A hannun Chelle kuwa mun buga wasa 8, idan aka haɗa da na cike gurbi da Gabon da Kongo, muka zura ƙwallo 16. Wanda ya karɓi ƙungiya tana cin ƙwallo ɗaya a wasa ya mayar da ita tana cin biyu, ba za a ce ya kashe gaba ba.

Sai dai idan ka buɗe waɗannan 16 ɗin, nan za ka ga abin da ke damunka da ni. Osimhen kaɗai ya ci 8: biyu a ragar Ruwanda a Kigali, ɗaya a ragar Zimbabuwe, uku a ragar Benin, biyu a ragar Gabon. Sauran 8 ɗin sun warwatsu tsakanin Akor Adams da Frank Onyeka da ke da bibbiyu, da Tolu Arokodare, da Chidera Ejuke, da kuma 'yan baya biyu, Calvin Bassey da ya ci Afirka ta Kudu da ka a Bloemfontein da William Troost-Ekong da ya ci da fenariti a wasan Lesoto. Lookman, gwarzon ɗan wasan Afirka na 2024, wanda ya ci Bayer Leverkusen uku rigis a wasan ƙarshe na Europa, ba shi da ko guda. Haka kuma rabin ƙwallayen duka a wasa biyu aka same su, Benin da Gabon, kuma ko na Gabon ɗin an cika minti 90 ana 1-1, sai a ƙarin lokaci ragar ta buɗe.

Abin da ya fi bayyana ciwon shi ne abin da ke faruwa da zarar Osimhen ya bar fili. A wasan Ruwanda na Uyo a watan Satumba ya ji rauni tun kafin hutun rabin lokaci, da ƙyar Arokodare ya samo mana guda. Kwana uku bayan haka muka je Afirka ta Kudu ba tare da shi ba, ɗan baya ne ya rama mana. A Rabat kuwa, Onyeka ya ci tun minti na 3, Meschack Elia ya farke, Osimhen bai dawo daga hutu ba, kuma duk wanda ya kalli zagaye na biyu da ƙarin lokacin ya ga yadda 'yan bayanmu suka riƙa ɗaga dogayen ƙwallaye sama suna neman mutumin da ba ya cikin fili, 'yan bayan Kongo suna karɓa da ka cikin natsuwa suna mayar da wasan gidanmu. Gabanmu ya zama kamar gari mai rijiya ɗaya, ranar da guga ya faɗa ciki kowa sai ya kwana da ƙishi.

A nan ne nake ganin rabon Chelle na laifi yake, domin tsarin da ya zo da shi tun daga Mali, inda ya kai su zagayen kwata-fainal a gasar Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, tsari ne da ke cusa mutum huɗu a tsakiya: ɗaya a gaban 'yan baya, biyu a gefensa, lamba goma a samansu, sannan 'yan gaba biyu. Wannan tsari ba shi da lamba bakwai da sha ɗaya da ke tsayawa kan layi, don haka faɗin fili gaba ɗaya yana rataye ne a wuyan lamba biyu da lamba uku, su ne za su hau, su yi kuros, su kuma dawo da gudu. Mali tana da 'yan tsakiya birjik, tsarin ya zauna mata. Mu kuwa arzikinmu a gefe yake, wato Moses Simon, Samuel Chukwueze, Ejuke da shi kansa Lookman, mutanen da suka saba karɓar ƙwallo kusa da layi su fuskanci ɗan baya ɗaya su yanke shi. Idan ka shigo da irin wannan ɗan wasa tsakiya, inda zai karɓi ƙwallo ya ba raga baya mutum biyu na numfashi a ƙeyarsa, ka rage masa rabin amfaninsa. Sannan Ola Aina, wanda shi ne ya fi dacewa da aikin hawa da sauka, ya ji rauni a farkon wasan Bloemfontein, aka koma sa matashi Benjamin Fredrick, wanda asalinsa ɗan tsakiyar baya ne, ya riƙe gefen dama. Yaron ya yi ƙoƙari wajen tarewa, amma ba shi za a tambaya kuros ba.

Dubi wasan Benin na 14 ga Oktoba, wanda ya fi kowane kyau. Ƙwallaye biyun farko na Osimhen Chukwueze ne ya ba shi, ta biyun ma kuros ce ya sa kai, ta uku kuma bugun tazara ne daga Simon. Ke nan ranar da aka bar 'yan gefe suka yi sana'arsu, ranar aka ci huɗu. Wannan ya nuna mini cewa kocin yana iya sassauta ra'ayinsa idan wuya ta yi wuya, abin da nake so shi ne ya riƙa yin hakan tun ba a kai ga matsuwa ba. Maganar da ya yi bayan bugun fenariti a Rabat cewa 'yan Kongo sun yi tsafi kuwa ba ta dace da shi ba, kuma ba ta bayyana dalilin da ya sa muka shafe sama da awa guda ba mu tayar wa golan Kongo hankali ba.

Duk da haka, adalci ya sa a tuna cewa kocin ƙasa ba ya samun 'yan wasansa sai na 'yan kwanaki, kuma salon kai hari shi ne abin da ya fi cin lokacin atisaye, saboda sai ɗan wasa ya san inda abokinsa zai ruga tun kafin ya ɗaga kai. A Rabat ɗin ma, kwana biyu kafin wasan Gabon, 'yan wasa sun ƙaurace wa atisaye saboda bashin alawus da suke bin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya. Lookman kuma ya shiga kakar 2025/26 a makare bayan takaddamarsa da Atalanta kan komawa Inter Milan, kuma an ga alamar hakan a ƙafarsa.

Game da sallama, ra'ayina shi ne kada a yi. Daga Peseiro zuwa Finidi zuwa riƙon ƙwaryar Augustine Eguavoen zuwa Chelle, mutum huɗu ke nan suka riƙe ƙungiyar cikin shekara guda, kuma wanda za a kawo yanzu ba zai samu ko wata ɗaya cikakke ba kafin a fara gasa a Maroko ranar 21 ga Disamba, 2025. Sansanin da za a shiga kafin gasar shi ne karon farko da Chelle zai zauna da manyan 'yan wasansa na tsawon lokaci, kuma wasanni uku na rukuni a Fes, da Tanzaniya da Tunisiya da Uganda, sun isa a auna shi. Ni abin da zan duba shi ne ko Lookman ya samu wurin da yake karɓar ƙwallo yana fuskantar raga, ko Akor Adams da Osimhen sun fahimci wanda zai ja 'yan baya da wanda zai shiga bayansu, da kuma ko za mu iya ƙirƙirar dama ranar da aka hutar da lamba tara. Idan aka gama rukunin nan ba a ga ko ɗaya daga ciki ba, ka sake bugo waya, zan goyi bayanka a gaban jama'a.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a harkar tamaula.