Alabama sunan jiha ne, amma harshen mutane ne tun kafin jihar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni direban babbar mota ne a Amurka, ina zaune a Houston, kuma aiki yakan bi da ni ta hanya mai lamba 190 a gabashin jihar Texas. Idan ka wuce garin Livingston, ka kutsa cikin dajin dogayen itatuwan nan, za ka ga allon da ke nuna ka shigo ƙasar ƙabilar Alabama-Coushatta, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka. Na daɗe ina wuce allon nan ba tare da na tambayi kaina ba: me ya kawo Alabama cikin Texas?

Da na bincika sai na gano cewa jihar Alabama, wadda kowa ya san sunanta, daga wajen waɗannan mutane ta ari sunan. Can ne gidansu na asali, kusa da mahaɗar kogunan Coosa da Tallapoosa, inda Faransawa suka gina sansani a 1717 suka yi ƙawance da su. Da Ingila ta ci Faransa da yaƙi a 1763, sai suka yi ƙaura zuwa yamma, suka ratsa Louisiana har suka yada zango a Texas. A 1854 jihar ta ba su fili eka 1,280. Gona da gida sun bari a baya, harshensu kuwa a bakinsu suka taho da shi.

Harshen ɗan dangin harsunan Muskogee ne, ɗan'uwan harsunan Choctaw da Creek, kuma shi da Koasati, harshen mutanen Coushatta, kamar wa da ƙane suke. Masu jin sa sosai a yau ba su da yawa, galibinsu dattawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin wata baiwar Allah 'yar ƙabilar, Cora Sylestine. Ita ta ga inda abin ya dosa, ta fara tara kalmomin harshenta da kanta, ba ta jira kowa ba. Daga baya masana harshe biyu, Heather Hardy da Timothy Montler, suka haɗa hannu da ita, aka shafe shekaru ana aikin. Ƙamus ɗin ya fito a 1993 daga maɗaba'ar Jami'ar Texas. Ita kuwa ta rasu a 1991, ba ta riƙe shi a hannunta ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Ƙamus ɗin yana intanet yanzu, kuma nakan buɗe shi a waya idan na tsaya hutawa. Ga wani abu da ya burge ni. Mu idan aiki ya maimaitu sai mu ƙara wa kalma: buga, bubbuga. Su kuwa rage ta suke yi. Batatli, ya buga sau ɗaya. Batli, ya bubbuga. Balaaka, mutum ɗaya ya kwanta. Balka, jama'a sun kwanta. Wa zai ƙirƙiro wannan hikima idan ta ɓace? Na karanta wa ɗana, ɗan shekara tara, ya maimaita daidai, sannan ya tambaye ni ma'anar "bubbuga" da Turanci. Na rasa abin da zan ce masa na ɗan lokaci.

Shi ya sa nake ganin aikin da matasan ƙabilar ke yi na zama gaban kakanninsu suna koyo ya fi kowane littafi nauyi, duk da ƙamus ɗin ne ya riƙe musu ƙofa a buɗe.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi ku ba da labarin mutanen nan da na Cora Sylestine. Idan kun buga, zan karanta wa yaron nan da bakina, da Hausa.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Houston