A Ƙirga Masu Kallon Talabijin a Arewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A 1977 aka haɗe tashoshin talabijin na yankuna a ƙarƙashin NTA, hukumar talabijin ta ƙasa, har da ta Kaduna da ta fara aiki a 1962. Yau da tara na dare kowane reshe kan ajiye shirinsa ya jona labaran ƙasa da Turanci. To, ba laifi. Amma wa ya ƙirga masu kallo a Kano ko Sakkwato? Manyan masu talla suna Legas, kuɗinsu alƙaluma yake bi, namu kuwa sai kintace. Tun 2014 Arewa24 ta nuna akwai kasuwa a Hausa. Don Allah hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta samar da sahihin ma'aunin masu kallo, a kuma ƙara wa rassa lokacin shirye-shiryen gida.

Naka,
Wani mai kallo, Zariya