Kano zuwa Legas: awa ɗaya da rabi ga wasu, kwana uku ga tumatir

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan hanyar Kano zuwa Legas, don na lura masu yi mana alkawarin gyara ta ba su san tsawonta ba. Su ta sama suke wucewa. Daga filin jirgi na Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja kilomita 830 ne da 'yan kai a miƙe, tafiyar awa ɗaya da rabi. Mutum ya yi azahar a Kano, la'asar ta riske shi a Ikeja.

Ni ɗan gwari ne, tumatir nake ɗorawa daga Kura da Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. Mu tamu tafiyar ta haura kilomita 1,000. A da daga Kaduna Birnin Gwari ake bi a faɗa Tegina a nufi Mokwa, amma tun da 'yan bindiga suka addabi wannan daji, direbobi da dama suka gwammace su zaga ta Suleja, su ratsa Lapai da Agaie da Bida. Duk wanda ya taɓa bin wannan yanki da damina ya san abin da nake faɗa: tirela ɗaya ta kafe a rami, sai ka ga motoci sun yi layi har inda ido ya tsaya, a kwana a wuni a nan. Bayan Mokwa ga gadar Jebba, ga Ilori, ga Ogbomosho da Oyo, kafin a ce Ibadan. Shingaye kuwa ba sa ƙirguwa, kowa da rasidinsa. A 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye, aka raba Kudu da Arewa a wannan hanya, haka ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta sake datse ta, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Tumatir ba ya jira. Idan mota ta shiga kwana na uku, tun daga nesa za ka ga ruwa ja yana ɗiga ta ƙasan bodi, kwandunan ƙasa sun lotse. A Mile 12 dillali zai yaye ganyen da aka rufe kwando da shi, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya fito da shi jage-jage, ya dube ka kawai. Shi ke nan an karya kuɗin, alhali kuɗin mota sai ka biya cif. Sannan mutanen Legas su ce 'yan Arewa ne ke tsawwala musu.

Abin da ke ba ni takaici, tun 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma da shi kakanninmu suka riƙa kai gyaɗa bakin teku. Yau an yi sabon layi daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, an yi na Legas zuwa Ibadan a 2021, tsakiyar kuwa wayam. Roƙona ga gwamnatin tarayya shi ne ta haɗe layin nan, ta ware taragon kaya masu sanyi da za su riƙa tashi daga Kano. Kafin nan, a taimaka a cike ramukan da ke tsakanin Lambata, gaba da Suleja, da Bida kafin ruwa ya sauka.

Naka,
Wani ɗan gwari daga Kura, Jihar Kano