Amsa ga Mai Tambaya Kan Mahaɗin Gefe Ɗaya

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a: idan aka ɗauki sarƙaƙƙiyar raga mai gaɓoɓi da yawa (wato abubuwa masu kaɗawa, kamar agogo, da aka haɗa da juna), aka mai da kowane mahaɗi na gefe ɗaya, saƙo ya tafi ba ya dawowa, ashe ba an rage wa gaɓoɓin damar bugawa bai ɗaya ba ke nan? Amsata ita ce ba dole ba ne.

Tunaninka yana da tushe. Agogo biyun da masanin kimiyya Huygens ya lura da su a 1665 sun daidaita kaɗawarsu ne domin katakon da aka rataye su yana kai motsi yana dawo da shi. A lissafin da masani Kuramoto ya yi a 1975 kan masu kaɗawa da yawa ma, kowa na jin kowa.

Sai dai a 1998 masana Pecora da Carroll sun nuna cewa ga nau'o'i da dama na masu kaɗawa, idan gaɓoɓin iri ɗaya ne, daidaito yana tsayuwa ne a tsakanin iyaka biyu: jan da suke wa juna ya yi rauni ba a haɗu ba, ya yi yawa a watse. A nan matsalar take. Idan kowane mahaɗi kai da komo yake, gaɓa mai mahaɗai ɗari tana shan ja har ya yi mata yawa, mai mahaɗi guda kuwa bai ishe ta ba. Da wuya ka sami ƙarfi ɗaya da zai yi wa su biyun daidai. Amma in ka ba mahaɗan alkibla, sai babbar gaɓar ta yi ta aikawa ba tare da an danne ta da saƙonni ba. Masana Nishikawa da Motter sun tabbatar a 2006 cewa ragar da saƙo ke gangarowa daga tushe ɗaya, babu zagayen da ke mai da shi baya, kuma kowace gaɓa na karɓar ƙarfi daidai da 'yar'uwarta, tana cikin mafi dacewa da daidaito. Wannan sakamakon yana burge ni ƙwarai.

Akwai sharaɗi fa. Tilas a sami tushen da saƙonsa ke isa ga kowa. In tushe biyu ne, ba mai jin wani, raga ta rabu gida biyu. Kuma in jerin gaɓoɓin daga tushe zuwa ƙasa ya yi tsawo, na can ƙasa sai sun jima kafin su kama, tushen kuwa in ya kauce babu mai gyara shi.

Shi ya sa nake roƙonka kada ka ɗauki wannan ka ɗora wa layukan wutar lantarki kai tsaye. Janaretocin da ke tafiya a kan zagaye 50 ko 60 a daƙiƙa suna jan juna ne ta waya ɗaya, gaba da baya, injiniya ba shi da ikon zaɓa musu alkibla.

Wassalam.