Wasiƙa zuwa Gaya: ƙwaron da ya shanye maka shinkafa

Damagaram, ranar Lahadi

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Birni sai godiya, hunturu ne dai ya fara taɓa mu.

Saƙonka ya iso, har da ƙullin shinkafar da ka ba direba. Da na murza ta a tafin hannu, rabi fanko ne, sauran kuma da ɗigon baƙi. Ba tsuntsu ba ne, Malam, ba kuma ƙarancin taki ba. Aikin ƙwaron nan ne mai faɗin baya kamar garkuwa, wanda in ka taɓa shi hannunka ya yini yana wari. Warin daga wasu ƴan ƙofofi yake fita a ƙirjinsa, da shi yake korar maƙiya.

Ba ya tauna komai. Bakinsa tsinke ne kamar allura. Yana jira shinkafa ta fidda kai, ƙwayar tana ruwan nono, sai ya soka ya zuƙe. In ta fara tauri ya soke ta, funfuna ta bi ta hudar, shi ne tabon da ka gani, kuma irinta ce ke karyewa a injin casa.

Macen tana jera ƙwai a jikin ganye, kowanne kamar ƴar ganga mai murfi. A lokacin zafi, wajen kwana 5 sun ƙyanƙyashe. Ƴaƴan ba su da fiffike, da fari ma cunkushewa suke yi a kan ɓawon ƙwan. Sai sun yi saɓa sau 5 suke zama manya, duka cikin wata guda da ƴan kwanaki. Kai da ke noma sau biyu a shekara, lissafa da kanka.

Abin da ya ba ni haushi, ka ce ka yi feshi bayan ka ga fankon. Ai a lokacin ɓarawo ya riga ya tsallake katanga! Tun shinkafa ba ta yi ciki ba suna nan cikin ciyawar bakin hanyar ruwa, suna shan ƴaƴanta. Nome ta da wuri. In shinkafar ta fidda kai, ka riƙa zagawa da sassafe, kafin rana ta sa su kuzari.

In kuma ka ga ƙwan ya yi baƙi ƙirin, bar shi. Wata ƴar mitsitsiyar rina ce ta yi nata ƙwan a ciki, taimakonka take yi.

Ka sa yara su kamo mini biyu a kwalin ashana, in ga ko koren ne ko mai ruwan ƙasa. A gaida Hajiya da ƙyau.

Naka,
amininka na Damagaram